Shagon Alaramma mai zayyana a Tudun Wada da aikin da ya yi wa takardun mahaifinmu

Watanni 9 ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, kuma makonni 3 ke nan da na karɓo aikin da muka bayar a wani shago da ke Tudun Wadar Kaduna, a ɗaya daga cikin layukan da ke kusa da Kasuwar Barci, inda wani dattijo alaramma yake yin zayyana da gyaran tsofaffin takardu, ɗansa kuma yake aikin kwamfuta da ɗab'i a ɗakin gaba. Mutane da dama daga cikin waɗanda suka ga aikin a gidanmu sun tambaye ni ko shagon ya cancanci a danƙa masa irin wannan amana, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla, da mai daɗi da marar daɗi. Ba zan kama sunan shagon ko na masu shi ba, domin akwai kurakuran da zan ambata, kuma ba na son maganata ta zama tozarci ga mutanen da suka yi mana alheri mai yawa.

Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne. Ya zo Kaduna a farkon shekarun 1970 yana saurayi, da allonsa da ɗan karatun da ya taso da shi daga ƙauye, ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a zamanin da unguwar take tashe, tun bayan da masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki a 1957 wasu masaƙun suka biyo bayanta. Yana nan kan sana'arsa har masaƙun suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, KTL ta tsaya a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta tsaya a 2007, Kakuri ta yi tsit. Bai yi nisa a boko ba, amma hannunsa ya faɗa da rubutun ajami, kuma mun taso muna ganinsa bayan sallar isha'i yana duƙe gaban fitila yana rubutu, ya gama ya ninke ya jefa cikin wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Da muka taso daga Kakuri muka koma Rigasa a shekarar 2000, kamar yadda iyalai da yawa suka sauya unguwa a wancan lokaci, wannan akwati shi ne abu na farko da ya ɗauka da hannunsa. Ba wanda ya taɓa buɗe shi a cikinmu sai bayan an share makoki, baƙi sun watse, gida ya koma daga mu sai mu.

Abin da muka tarar a ciki shi ne littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda 6, da tarin warwatsattsun takardu, da hotuna 4, da falle ɗaya na atamfa sabuwa fil wadda ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Gara ta ci gefen wasu takardun, danshin damina ya manne wasu da juna, wasu kuma shi da kansa ya liƙe su da salatif tun da daɗewa, salatif ɗin ya bushe ya zube ya bar tabo ruwan ƙasa a kan baƙaƙen. A cikinmu mu 7 ba wanda yake iya karanta ajaminsa ba tare da tuntuɓe ba, domin mu 'yan Islamiyya ne da muka saba da bugun Hafsu, shi kuwa hannun tsangaya ne da shi, irin na masu karatun Warshu. A Kaduna muna da Gidan Arewa a kan titin Rabah, wato tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello da aka kashe ranar 15 ga Janairu 1966, wanda aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970, kuma a can ana tattala rubuce-rubucen malamai da na shugabanni. Amma takardun talaka ma'aikacin masaƙa ba su da wani gida sai gidan 'ya'yansa, kuma idan 'ya'yan ba su tashi ba, gara ce take gadonsu. Wannan tunani ne ya kai ni Tudun Wada, bisa kwatancen wani abokin aikina da aka taɓa gyara wa Alƙur'anin kakansa a wurin.

Shagon ciki da falo ne. A gaba akwai kwamfuta biyu da na'urar ɗaukar hoton takarda da firinta, da samfurin katunan biki rataye a bango. A ciki kuma Alaramma ne zaune a kan buzu, ga kwalaben tawada jere a gefensa, ga damin alƙaluman kara a cikin gwangwani. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ya karɓi kayan. Bai taɓa akwatin ba sai da ya tambaye ni na wane ne, da na gaya masa ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya haƙuri, ɗana?" Daga nan ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle ya shiga fitar da takardun ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a gabana, yana sa wa kowacce lamba da fensir a can ƙuryar baya. Sun kama falle 143 ban da littattafan. Ya sa ɗansa ya rubuta adadin a rasit biyu, na sa hannu ya sa hannu. Da na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko za a yi musu leda ne don su daɗe?" sai ya girgiza kai ya ce ledar da ake mannewa da zafi kashe takarda take yi, domin in ta kama ba ta ɓanɓaruwa, kuma in tawada ta fara lalacewa a ciki ba mai iya kai mata ɗauki. Shi da siririyar takarda da ruwan sitaci yake ɗinke yagewa, ta yadda duk ranar da aka so cirewa ɗan danshi ya isa. Takardun da suka manne kuwa kwanaki ya yi yana raba su da bakin wata siririyar wuƙa, kuma a cikin duka falle biyu ne kawai suka gagara, ya dawo mana da su a manne yadda suke, bai tilasta su ba.

Mun yi yarjejeniya a kan abu uku: a gyara takardun a ɗauki hotonsu, a juya rubutun zuwa boko a buga kwafi 30 domin dangi, sannan Alaramma ya zaɓi wani abu daga ciki ya kwafe da hannunsa ya yi masa zayyana domin mahaifiyarmu. A lokacin ban san me zai zaɓa ba, shi ma bai sani ba.

Bayan kwana 10 ya sa aka kira ni. Ya ware wasu shafuka gefe, ya ce waɗannan ba na bugawa ba ne, lissafin bashi ne da wasiƙun da ke tsakanin marigayi da 'yan'uwansa, kuma sirrin mamaci ba a raba shi kwafi 30. Sannan ya nuna mini cewa mahaifinmu yakan ja layi a kan duk bashin da ya biya, amma akwai guda ɗaya da ba a ja wa layi ba, buhu biyu na masara da ya karɓa a wurin wani abokinsa a shekarar da aiki ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, wannan ya fi zayyana gaggawa." Gaskiya ya faɗa, tunda bashin mamaci ake fara fitarwa kafin wasiyya da rabon gado. Mun bi sawu har Makera, muka tarar abokin ya riga shi tafiya, babban ɗansa ya ce ya sha jin mahaifinsa yana cewa ya yafe, duk da haka muka kai buhunan aka raba wa magada. Da wani ne mai ɗaukar hoton takarda kawai ya miƙo maka, da wannan layi yana nan kwance ba wanda ya lura da shi. Wanda ya karanta abin da aka ba shi da idon malami ne ya gano shi, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da shagon ya fi sauran masu ɗab'i da shi.

A wannan zaman ne kuma ya fito da wasu falle 3 da aka ninke su tare, ya ce ya sami abin da zai yi wa zayyana. Waƙa ce rubutacciya, 'yar ƙwar biyu, baiti 19, mai amsa-amon "na", ta buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, ta rufe da tammat da ramzi, wato shekarar rubutawa da ake ɓoyewa cikin haruffa, kamar yadda malaman da suke rufe waƙoƙinsu. Alaramma ya warware mini ramzin a kan yatsunsa, yana bayyana cewa a lissafin malaman ƙasar nan harafin shin shi ne 1000, saɓanin lissafin gabas inda gain yake riƙe da wannan adadi, kuma da ya haɗa haruffan sai suka ba da 1398 ta Hijira, wato 1978. Marsiyya ce ga ɗan farinsa, yayanmu da ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara biyu, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinmu. Mun san an yi shi, amma ban taɓa jin mahaifinmu ya ambace shi ba ko sau ɗaya, kuma duk Bahaushe ya san dalili: kunyar ɗan fari ba ta barin uba ya kama sunansa ko ya nuna shaƙuwa da shi a gaban mutane, ko yana raye, balle a ga hawayensa a kansa bayan ya rasu. A cikin waƙar ma bai kama sunan ba. Amma ya kira shi "ɗana" a ƙarshen baiti har sau 5, kuma a baiti na 7 ya ce ya ɗauke shi da hannu biyu zuwa makwancinsa, bai kai nauyin allonsa ba. Alaramma yana karantawa a hankali, da ya zo nan sai ya dakata, ya ba ni lokaci, bai ce komai ba sai da na ɗago kai.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Mutumin da na sani da kawaici da taurin zuciya, wanda aka yi mana rashe-rashe da dama ban ga idonsa ya kaɗa ba, ashe yana da wurin da yake kai baƙin cikinsa, kuma wurin takarda ne da tawada. Abin da al'ada ta hana bakinsa ya furta, sai ya ba alƙalami, ya auna shi da kari, ya ɗaure shi da amsa-amo, ta yadda zafin ya fito ba tare da ya ƙetare iyakar haƙuri ba. Baiti 19 ɗin nan babu inda ya yi wa ƙaddara tsiwa. Kuka ne na mai imani, yana yi yana komawa ga istirja'i.

Ba kowa ne a danginmu ya yi na'am da aikin ba tun farko. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya kira ni ya ce yana tsoron kada mu mai da mamaci abin biki, ya tuna mini cewa zaman makoki kwana 3 ne, in ban da matar mamaci mai takabar wata 4 da kwana 10, kuma abin da ke isa ga wanda ya tafi shi ne sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da addu'ar ɗa nagari. Damuwarsa tana da tushe, kuma ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci. Abin da na ce masa shi ne abin da aka hana a fili yake, wato kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, amma shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba a dai faɗin abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Marsiyya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Khansa'u ta shahara da waƙen ɗan'uwanta Sakhru, Hassanu ɗan Sabitu ya yi wa Annabi marsiyya, a ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa mata 'yan'uwanta da ƙawayenta, tana lissafa kyawawan halayensu domin na baya su yi koyi. Mu da ba ma gina kabari, ba ma sassaƙa siffar mamaci, a kalma da rubutu muka saba ajiye mutanenmu. Baffa bai ce ya gamsu ba a ranar, amma da ya ji abin da Alaramma ya ƙi yi, sai ya sassauta.

Domin kuwa akwai abubuwan da dattijon ya ƙi, kuma sun ƙara masa daraja a idona. Yayarmu ta so a buga ƙananan takardu masu hoton marigayi da Ayatul Kursiyyu a raba wa jama'a, ya ce ba da hannunsa ba, domin ya san inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa, a ƙasa ko a hannun mai ƙosai. Wani ƙanena ya kawo shawarar a rubuta "ɗan Aljanna" a bango, Alaramma ya ce a rubuta roƙo, kada a rubuta hukunci, aka sa "Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa." A zayyanar ma ya ƙi amfani da alamomin da ake yi wa ƙarshen aya da kan hizbi, ya ce waɗannan na Alƙur'ani ne, waƙar bawa ba za ta ari rigarsu ba, ya ƙirƙiro wa baitukan wata 'yar alama tasu daban.

Na roƙe shi ya bar ni in ga yadda yake aikin, ya amince, na je wata Asabar da hantsi. Ya fere alƙalamin kara da aska, ya tsaga bakin, ya gwada a bayan hannunsa. Baƙar tawadar ba irin ta allo ba ce da ake yi da gawayi da ƙaro don a iya wankewa. 'Yambari ce, wadda ake jiƙa bagaruwa da kashin maƙera a sa mata ƙaro, tana sauka a takarda kamar ruwan shayi, kana kallo tana ƙara duhu har ta zauna. Ya ɗora takardar a gwiwarsa, ya ajiye rubutun mahaifinmu a gabansa, yana ja a hankali ba tare da ya ja layin awo ba, amma ɗangogin suna fita a miƙe. Baƙaƙen ya fara gamawa, sai da suka bushe ya dawo da jar tawada ya sa wasulla, ya ɗiga ɗigon imala a ƙarƙashin harafi duk inda Hausa take buƙatar "e". Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya kula da wata ɗabi'a ta hannun mahaifinmu, wato yadda yake karkata hannun "ɗa mai hannu" zuwa dama fiye da kima, sai ya kwaikwayi wannan karkatar a kwafinsa da gangan, ya ce don mai ɗakin ta gane hannun mijinta. Zayyanar shafin farko murabba'i ce mai saƙa a ciki, ja da rawaya da kore da ruwan ƙasa, babu siffar mai rai, kuma da ya ji sana'ar marigayi sai ya tsara layukan suna shiga suna fita kamar zaren tsaye da na kwance a kan masaƙa. Kwana 4 wannan shafi kaɗai ya ci.

Bai ɗinke takardun ba, ya bar su falle-falle yadda tsofaffin littattafanmu suke, da kalmar farkon shafi na gaba rubuce a gindin kowane shafi don kada jeri ya rikice. Ya aika wa wani baduku da suke hulɗa aka yi tadarishi, wato bangon da ake naɗe takardun a ciki, da gafaka na jar fatar akuya, aka yi wa cikin tadarishin shafi da wani yanki na atamfar nan da muka tarar a akwati, wadda mahaifiyarmu ta shaida cewa daga masaƙarsu ta fito. Ɗinkin fatar ya yi kyau ƙwarai, sai dai maɗaurin gafakar ya yi gajarta, har sai da aka sake shi.

Ɗakin gaba kuwa, wato ɓangaren kwamfuta, a nan ne aikin ya yi rauni, kuma wajibi ne in faɗa. Ɗan Alaramma yaro ne mai ladabi da ƙoƙari, hotunan takardun da ya ɗauka sun fita tas, ya ba mu a filashi ya kuma tura mana ta WhatsApp. Amma juyawa zuwa boko ya ba wani mai taimaka masa ne wanda idonsa ya saba da bugun Hafsu, alhali a hannun tsangaya fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne da shi a sama, daidai yadda fa take a bugun gabas. Sakamakon haka, inda mahaifinmu ya rubuta a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga hannun ma'aikata, cewa "bana mun samu ƙari," sai aka buga "bana mun samu fari." Kuskuren yana da haɗari domin ya yi kama da gaskiya, tunda an sha fari mai tsanani a Arewa a 1973, kuma mai karatu zai wuce bai yi shakka ba, farin cikin mutum ya koma masa masifa a bakin jikokinsa. Da na zauna da wani tsohon almajiri muka bi gwajin bugun layi-layi, mun tsinci kurakurai 27 iri-iri. Ban da wannan, a bugun farko haruffa masu ƙugiya duk sun zube, ɗa ya koma da, ƙasa ta koma kasa. Sun gyara duka ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma bai kamata a ce mai kaya ne zai gano ba, alhali malamin da ya fi kowa sanin hannun yana zaune a ɗaki na gaba.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo a hoto aka yi shi. Akwai wani tsohon hoto baƙi da fari na mahaifinmu yana saurayi, sanye da kayan aiki, wanda ya tsattsage ya dushe. An sa shi a manhajar gyaran hoto, ya fito sumul, fuska tana sheƙi, amma da na duba sai na ga baƙo. Billen da ke kuncinsa na hagu ya ɓace, domin manhajar ta ɗauke shi a matsayin tsagewar takarda ta share, yaron kuma bai san marigayi ba balle ya lura. Wannan bille shi ne shaidar gidansu da garinsu, shi ne abin da yatsana yake bi ina ƙarami in ya ɗora ni a cinya. Na nuna wa Alaramma, ransa ya ɓaci, ya kira ɗansa ya ce masa, "Kai, ba a yi wa mamaci kwalliyar da za ta ɓatar da shi." Aka koma ga hoton asali, aka cire tsagewar gefe kawai, aka bar fuskar da dushewarta. Ina shawartar duk wanda zai kai hoton mamacinsa, a wannan shago ko wani, ya tsaya a kan a nuna masa na asali da gyararre gefe da gefe kafin a buga.

Sai batun lokaci. An yi mana alkawarin makonni 6, aikin ya ci 11. Wani ɓangare na jinkirin ina ba shi uzuri, domin aikin hannu ba ya son gaggawa, ga ɗauke wuta, ga danshin da ke hana tawada bushewa. Abin da ba na ba uzuri shi ne rashin ɗaga waya da rashin sanar da mutum halin da ake ciki, domin wanda ya bar takardun mahaifinsa a hannunka kwana biyu na shiru ma suna yi masa yawa. Haka kuma shagon ba shi da keɓantaccen wurin zama. Ranar da yayarmu ta zo ganin gwajin bugun, kuka ya ƙwace mata a kan benci ɗaya da masu jiran katin ɗaurin aure, ba inda za ta raɓa. Labule ɗaya da kujera biyu sun isa su magance wannan, kuma na faɗa musu. Ɗaya daga cikin kwafi 30 ɗin ma gam ɗinsa ya saki tun a makon farko, wanda ya nuna cewa ɗinki ya fi gam dacewa da littafin da za a yi ta buɗewa shekara da shekaru.

Dangane da kuɗi, abin da Alaramma ya karɓa na gyara da kwafi da zayyana bai kai wahalarsa ba ko kusa, har na ƙara masa da kaina, ya karɓa da ƙyar. Kuɗin ɗab'in ne ya ɗan haura abin da na ji a wasu wuraren da na taya, kuma shi ne ya cinye fiye da rabin abin da muka kashe. Wanda yake da tsofaffin takardun ajami, ko Alƙur'ani rubutun hannu, ko waƙoƙin wani nasa da ya rasu, zan tura shi wurin dattijon nan ba tare da ɗar ba, da sharaɗin ya nemi Alaramma da kansa ya duba juyin boko, ya kuma tafi da wanda ya iya karatun Warshu su bi gwajin kafin a buga. Wanda kuwa kalanda ko sitika yake so cikin kwana biyu, wannan ba wurinsa ba ne.

Ranar da na kawo aikin gida, bayan la'asar, na shiga ɗakin mahaifiyarmu na miƙa mata gafakar. Ta warware maɗaurin, ta shafa atamfar da ke ciki, ta daɗe tana kallon shafin farko, sannan ta ce, "Wannan ai hannun Malam ne." Na ɗauko kwafin boko na fara karanta mata marsiyyar, ina cikin baiti na biyu ta ɗaga mini hannu ta ce, "Ba haka yake yin ta ba." Ashe ta san ta. Ta ce a shekarar da abin ya faru yakan rera ta ƙasa-ƙasa cikin dare yana zaton barci take yi, ita kuma ba ta taɓa nuna masa ta ji ba. Sai ta gyara zama ta rera baiti 4 na farko da muryarsa, da inda yake jan numfashi da inda yake saukewa, ba ta duba takarda ba. A na biyar muryarta ta tsaya. Ƙanwata ta ɗauki abin da ya samu a waya, kuma na kai wa Alaramma ya saurara, ya gyara wasali biyu a kwafinsa bisa yadda ta furta, domin a wuraren gara ta ci takardar asali, shi kuma ya cike ne da zato. Gafakar tana rataye yanzu a ɗakinta, a saman akwatin ƙarfen, kuma mun maida takardun asali cikinsa, kowane falle da farar takarda tsakaninsa da ɗan'uwansa kamar yadda dattijon ya umarta.